Ranar da Ɗan Aminina Ya Ajiye Waƙarsa a Riyad

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad, akasarinsu sun shige kamar ba a yi ba. Amma ranar da na kai ɗan aminina ya yi sallama da malamarsa ta waƙa, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da ƙasa ta rufe min ido.

Aminin nawa mutumin Malumfashi ne, direba kamar ni, ya riga ni zuwa Saudiyya da daɗewa. Allah ya haɗa shi da kafili mai kirki, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a kan takardun zama, wanda ya yi masa hanya ya kawo matarsa, don haka a unguwar Gubaira ta Riyad aka haifi ɗansu tilo, a wani ɗan gida bayan garejin masu gyaran mota. Yaron ya tashi Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Ko ni ba ya ce min Baffa, sai dai Ammi, wato baffana da Larabci.

Allah ya ba shi murya. Lokacin da ƙasar ta fara buɗe wuraren kiɗa da wasanni, wata tsohuwa 'yar Masar da ke koyar da waƙa a unguwar Nasiriya ta ji shi a wani taron makaranta, ta riƙe shi. Abin da ta koya masa shi ne opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi cikin waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba makirfo, sai ƙarfin ƙirjin mutum. Ta ce muryarsa bariton ce, ba siririya ba, ba kuma ta can ƙasa ba, irin wadda ake ba wa matsayin uba ko sarki. Ni dai ban ɗauki abin sana'a ba. Uban ma kullum cewa yake ya fi so yaron ya karanci injiniya, amma duk ranar koyo shi ke kai shi, ya zauna a mota yana jira, gilashi a sauke duk zafin Riyad, wai shan iska yake.

Yaron ya haura shekara ashirin aka zaɓe shi a wani babban wasa da za a yi. Karon farko ke nan da zai tsaya shi kaɗai ya rera, ba a cikin taro ba. Har an gwada shi an ɗinka masa wata doguwar baƙar kwat.

Ana cikin wannan shiri uban ya rasu. Bayan azahar ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ya gangara gefen titi ya kashe mota, shi ke nan. A Riyad muka binne shi. Ba a gama karɓar gaisuwa ba maganar takardu ta taso, don iƙamar uwar da ta ɗan, wato takardar izinin zama, duka a kan ta marigayin suke. Malamar, wadda kowa ke kira Ustaza, ta yi ta zirga-zirga har masu shirya wasan suka yarda su ɗauki yaron a ƙarƙashinsu. Amma shi kaɗai. Uwar dole ta koma gida, kuma wa'adin fitarta zai cika kafin ranar wasan. Ga ta da ciwon suga, idanunta sun fara dushewa.

Na ce wa yaron ya zauna, iyalina na Funtuwa za su riƙa leƙa ta. Ita ma uwar a gabana ta ce, "Ka zauna ka yi abinka, ni Allah na nan." Sai da muka fito bakin ƙofa, sannan ya ce min cikin Hausarsa mai karkata, "Ammi, iyayenta sun rasu, 'yan uwanta sun manta kamanninta. Allurar ma ni nake yi mata safe da yamma. Wa zan bar wa ita?" 

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi na ɗauke shi zuwa Nasiriya, kwat ɗin nan na cikin leda a kan cinyarsa. Da muka isa ya ce in shigo. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Babban falo ne, da fiyano a gefe, abokan wasansa maza da mata na tsaitsaye da takardu a hannu. Da Ustaza ta ga ledar ta gane. Ta hau shi da faɗa cikin Larabcin Masar, tana buga hannu a kan fiyanon. "Murya irin taka ba ta jiran kowa! In ka bar ta yanzu, ba za ka dawo ka same ta yadda ka bar ta ba." Ya ce, "Na sani, Ustaza." Sai ta zauna ta ce, "To, khalas, shi ke nan. Rera min sau ɗaya kafin ka tafi."

Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, don da Italiyanci ne. Daga baya aka gaya min waƙar wani uba ce da ke sallama da 'yarsa. Abin da na sani shi ne, yaron da na sani da sanyin magana ya buɗe baki, na ji abin a ƙirjina kamar yadda mota ke girgiza in tirela ta wuce kusa da ita. Muryar ta cika ɗakin, ta yi sama, ta sauko a hankali har ta zama kamar raɗa, amma ana jin ta har bakin ƙofa inda nake tsaye. A nan na gane abin da ke sa aminina sauke gilashi. Hawaye ya zubo min, na rasa na uban ne ko na ɗan.

Da ya gama ba wanda ya tafa. Saurayin da za a ba matsayinsa ya zo ya sumbaci kansa. Ustaza ta rufe fiyanon. Shi kuma ya rataye kwat ɗin a jikin ƙofa muka fita. Mun yi nisa a hanya ya juyo ya ce, "Ammi, a Malumfashi akwai fiyano?" Na ce ni dai ban taɓa gani ba. Ya gyaɗa kai ya mayar da fuskarsa waje. Ba a yi mako ba na kai su filin jirgi.

Sai bayan wasu shekaru na je hutu na ziyarce su. Na same shi yana koyar da Larabci a wata makarantar kuɗi, Hausarsa ta miƙe, uwar kuma ta makance sarai, shi ke riƙe hannunta har banɗaki. Ya ce da farko yakan koma bayan gida ya motsa muryar, sai yara su taru suna dariya wai sa ne ke kuka, har wani maƙwabci ya ba da shawarar a yi masa ruƙiyya. Daga nan ya daina. Ustaza kuwa ta koma ƙasarsu. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "Ba na nadama, Ammi. Sai dai ba na iya sauraron kowa yana rerawa, ko a waya." Da ya fita ɗebo ruwa, uwar ta lalubo hannun rigata ta ce a hankali, "Alhaji, ni na cinye masa rayuwa." Na ce ta daina faɗin haka, amma na san ba za ta daina ba.

Abin da na koya a nan shi ne, mutum kan yi abin da ya dace sarai, ciwon kuma ya ƙi barinsa, don lada daban, sauƙi daban. Mu kuma da muke haihuwa a ƙasar mutane, mu sani duk abin da 'ya'yanmu suka gina a can, a kan numfashinmu suka gina shi.