Jan Fentin Maman Sito

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar nan, a kan rubutun Maman Sito ya zauna. Juya kujerar ka gani, akwai lamba da jan fenti a ƙasanta. Tebur da lamba, bokiti da lamba, allo da lamba. Malamai kan tsokane ta cewa in mutum ya daɗe tsaye a ƙofar sito, da lamba a ƙeya zai koma gida. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi, sai ta ce, "Kai dai matsa, fentin bai bushe ba."

Ba haka kawai ta tashi da wannan hali ba. Shekara goma sha tara ke nan makullin sito na hannunta. A shekararta ta uku aka nemi fanka shida aka rasa, kuma ba a tambayi kowa ba sai ita. A gaban yara aka sa ta a mota, da goyon wata bakwai a bayanta, ta wuni a kan benci a ofishin 'yan sanda. Bayan sati biyu aka ga fankokin a gidan ƙanen mai makarantar na wancan lokacin, suna ta juyawa abinsu. Wa ya ba ta haƙuri? Ko mutum ɗaya. Ta je kasuwa ta sayo gwangwanin fenti da ƙaramin buroshi, kuma tun daga ranar abu ba ya shiga sito sai ya sha lamba tukuna, sannan a yi maganar ko mene ne shi.

Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. Wannan aikin ne ke riƙe da ita da yara uku da ɗaki biyu na haya, ba ta da wani abu bayan shi.

Bana aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo, kuma ɗakin kimiyya ba shi da na'urar duba ƙwayoyin cuta, wadda yara ke kira maikiroskof. Shagon cikin gari ya tsauwala. Babbar 'yar Maman Sito ta nuna mata irinta a kasuwar intanet, da rahusa, har da kawowa ƙofar gida. Maman Sito, baiwar Allah, ta ga za ta yi wa makaranta gwaninta, ta ɗauki waya ta kai wa Madam, shugabar makarantar.

Madam ta dubi hoton ta saman tabarau ta ce, "To, saya. Amma ki ji ni da kyau, ke kika kawo shawarar."

Ku dai lura da maganar nan. In abu ya yi kyau, makaranta ce ta yi dabara. In ya lalace, an riga an san wuyan da za a rataya wa.

Ranar Talata da hantsi motar kawo kaya ta tsaya a bakin get. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, yana sauri kamar ana korarsa. Ya dire kwalin, ya miƙo wa Maman Sito waya ta sa hannu da yatsa, ya ja mota. Ta ga kusurwa ɗaya ta lotsa, amma wane kwali ne ke zuwa bai lotsa ba? Ta yanka salatif, ta zaro na'urar daga cikin soso, fara tas, mai nauyi. Ita ba malamar kimiyya ba ce, ba ta san inda ake leƙawa ba. Abin da ta sani shi ta yi. Ta goge ta da tsumma, ta buɗe gwangwani, ta zana lamba manya-manya a gindinta, ta ƙara wata a wuyanta, ta ajiye a taga ta bushe.

Bayan hutun tara malamin kimiyya ya shigo yana murza hannu.

"Mama, ina amaryar tamu?"

"Ga ta can. Kada ka shafa mini fenti."

Ya sunkuya ya sa ido. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya ɗago, ya goge idonsa, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗaga na'urar ya ɗan karkata ta, sai wani abu ya yi ƙaras-ƙaras a ciki, kamar an zuba tsakuwa a kofi.

"Mama," ya ce a hankali, "wannan ai makauniya ce. Gilashin ciki ya tarwatse."

Ta laluba kujera ta zauna, buroshin na hannunta yana ɗiga a zaninta ba ta sani ba.

Madam ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi: "A hannun wa ta fashe?"

"Wallahi Madam haka ta zo."

"Kin sa hannu kin karɓa lafiya. Kin yi mata fenti. Yanzu kuma haka ta zo." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ni ban san abin da ke tsakaninki da mai sayarwar ba. Zuwa Juma'a kuɗin makaranta su dawo. In ba su dawo ba, ki ajiye makulli, kuma ba ni zan yi miki sauran tambayoyin ba."

Maman Sito ta san su wa ake nufi. Ta juya ta fito.

Ta kulle kanta a sito ta kira lambar kamfanin kasuwar intanet ɗin. Sai da ta sha kiɗa na kusan rabin awa kafin wata yarinya ta ɗauka, da murya mai zaƙi kamar tana karanta wasiƙa.

"Muna ba da haƙuri, ranki ya daɗe. Kin ɗauki bidiyo lokacin da kike buɗe kwalin?"

"Bidiyo? 'Yar nan, kwali na buɗe, ba biki na je ba."

"To turo hoton kayan."

Ta tura. Yarinyar ta duba.

"Ranki ya daɗe, mene ne wannan ja a jiki?"

"Lamba ce. Kayan makaranta ne."

"Ai ƙa'ida ita ce kaya ya koma yadda ya zo."

"A fashe ya zo! Haka kike so in mayar, to a fashe yake!"

"Na fahimce ki, ranki ya daɗe."

Ba ta fahimci komai ba. Kafin a tashi saƙo ya shigo: mai sayarwa ya ce an yi amfani da kaya, an ɓata shi, ba zai karɓa ba. Tana da kwana biyu ta kawo shaidar cewa a hanya ya lalace, in ba haka ba an rufe magana. Wato su da suka jefar da kaya ba a tambaye su shaida ba, sai matar da ta karɓa.

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Yayarta, wadda ke ɗinki a layin bayansu, ta shigo ta same ta zaune da mayafi a ka kamar mai shirin fita.

"Ke kuma lafiya? Wa ya mutu?"

Ta ba ta labari. Yaya ta tafa hannu. "Ke da fentin nan naki! Na faɗa miki wata rana sai kin yi wa kanki lamba. Ki samu fetur ki goge mana, ki sake ɗaukar hoto."

"Sun riga sun ga na farko, Yaya."

"Su ga na biyu. Mutum nawa ke kiransu a rana?"

Laraba da safe ta jiƙa auduga da fetur ta gwada a gefe. Jan ya fita, amma ya tafi da farin da ke ƙarƙashinsa, ya bar wani tabo toka-toka kamar ƙuna. Ta jefar da audugar ta dafe kai. Yanzu ga fenti, ga alamar an yi ƙoƙarin ɓoye fenti. Ko ita aka nuna wa, cewa za ta yi mai laifi ne ya yi. Wunin ranar duk motar da ta rage gudu a bakin get sai ta kasa kunne. Sau biyu tana leƙawa ta taga, ashe masu ɗaukar yara ne. Ta riƙa tunanin autarta da ke aji huɗu a makarantar, wadda tagar ajinsu ke kallon get ɗin.

Alhamis ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau mota ta tafi wurin da kamfanin kawo kaya ke sauke lodi. Wata ƙatuwar rumfar kwano ce a bayan gari. Tana tsaye tana kallo ana sauke tirela: na sama ya wurgo kwali, na ƙasa in ya cafe to, in bai cafe ba ƙasa ta cafe. An rubuta a jikin wasu cewa a yi a hankali, an zana kofin gilashi, amma su ma haka suke shan jifa.

Ta sami dattijon a bayan motarsa yana jera kaya. Yana ganinta ya ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, kin sa hannu."

"Na sa. Ban zo faɗa ba, Malam."

"To me kika zo yi? In kika kai sunana ofis, a albashina za su cire. Ni ma iyali gare ni."

"Gobe za su karɓe mini makulli," ta ce. "Sun taɓa sa ni a mota a gaban yara kan abin da ban ɗauka ba. Ba zan iya sake zama a bencin nan ba, Malam. Wallahi ba zan iya ba."

Ya tsaya da kwali a hannu. Ya dubi ƙofar ofis, ya dube ta. Sannan ya ajiye kwalin, ya ce ta zagayo ta ɗaya gefen motar. Ya zaro waya mai fasasshen gilashi ya fara turawa da babban yatsa. Hotuna ne, ɗaruruwa, babu na mata babu na 'ya'ya, duk kwalaye. Wanda ya lotsa, wanda ya jiƙe, wanda ya yage.

"Talabijin aka taɓa ɗora mini," ya ce. "Wata huɗu ina aiki kamar kyauta. Tun lokacin, kwalin da ban yarda da shi ba, sai na ɗauke shi a ƙasa kafin ya hau motata. Wace rana ce naki?"

"Talata."

Ga shi nan. Kwalinta a kan simintin rumfar, takardar da ke ɗauke da sunan makarantar ta fito sarai, kusurwar a murƙushe ƙarƙashin wani buhu mai kama da na ƙarfe. A saman hoton ga rana, ga lokaci, ƙarfe shida da 'yan mintoci, tun ba ta bar gida ba.

"Turo mini, don Allah."

Bai tura nan take ba. "In manaja ya gani, ya san mai ɗauka. Mu uku ne kawai ke bin layinku."

Ba za ta ce ba abin da zai faru ba, don ba ta sani ba. Ana ta jifa da kaya a bayansu. Can ya ja tsaki, ya ce, "Kawo lambar. Ki ce a ƙasa kika tsinta."

Da ta tura hoton ta sake kira, yarinyar kamfanin, ko wata mai irin muryarta, ta tambaya wa ya ɗauki hoton.

"Shaida kuka ce in kawo, ko sunan mutane?"

"Don mu cike takarda ne, ranki ya daɗe."

"Rubuta sunana. Ni ce mai ƙara."

Juma'a ta zo aiki da makullan a jaka, ta kasa rataya su a wuya kamar kullum. Wayar na kan cinyarta, ta duba ta fi sau hamsin. Saura kaɗan a kaɗa ƙararrawar tashi saƙo ya shigo. Ta karanta sau uku kafin idonta ya yarda. An amince kaya a hanya ya lalace, za a mayar da kuɗi cikin kwana bakwai na aiki.

Ta shiga ofis har tana tuntuɓe da dardumar ƙofa. Madam ta karɓi wayar ta karanta, ta miƙo mata.

"Juma'a na ce."

"Madam, ga shi sun rubuta ba laifina ba ne."

"Rubutu na gani, ban ga kuɗi ba. Ajiye makullin a nan har su shigo."

Haka aka yi wa mace mai shekara goma sha tara a bakin aiki. Kwana shida tana zuwa ƙarfe bakwai, ta zauna a dakalin ƙofar sitonta a kulle. Mai son alli ya wuce ta ya tafi ofis. Malamin kimiyya kaɗai ke tsayawa ya gaishe ta, shi ma yana waige-waige. Autarta kan zo lokacin tara ta zauna kusa da ita, ita kuma ta ce mata iska take sha.

A rana ta shida kuɗin suka shigo, da azahar mai shara ta zo ta ajiye mata makullan a cinya.

"Madam ta ce a ba ki."

"Ta ce me kuma?"

"Shi ke nan abin da ta ce."

Maman Sito ta miƙe ta nufi ƙofar. Makullin ya ƙi shiga kwaɗon, ya faɗi, ta ɗauka, ya sake zamewa. Sai da mai sharar ta ajiye tsintsiya ta riƙe mata kwaɗon da hannu biyu, sannan ya buɗe.