Taliyar Lahadin da Ban Ci Ba

Graziella, ki gafarce ni da na zo miki da doguwar takarda a lokacin da idonki bai huta da kuka ba. Na san kin koma birnin Torino, ga aiki ga yara. Da maganar za ta faɗu a waya da na faɗa, amma sau uku ina ɗaukar wayar ina mayar da ita in ajiye. Kin gayyace ni cin abincin gida ranar Lahadin da za ku yi wa mahaifiyarki addu'ar kwana talatin, har kika ce kujerata tana kusa da taki. Ba zan iya zama a kujerar nan ba sai kin san abin da na yi mata, kin kuma ce in zo duk da haka.

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Oktoba, da hantsi, ina shanya a baranda, yayanki Ciro ya shigo tsakar gida daga asibiti. Ya ɗago kai ya gan ni, ya ce, "Barira, Mama ta tafi." Na yi salati, na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a cinyata. Mahaifiyarki Donna Nunziata ta cika tana da shekara saba'in da takwas. Ki ba ni dama in juya in yi magana da ita, don da ita nake da maganar. Ke ki zama shaida.

Donna Nunziata, shekara goma sha tara ƙofata tana kallon ƙofarki. Ranar da muka tare, ina hawa bene da tsohon ciki da ƙullin kaya a kai, mijina Malam Ilyasu yana gaba da 'yar jaka, kika leƙo kika daka masa tsawa: "Kai, mace ka auro ko jaki?" Kika sauke mini kayan da hannunki. Har yau in ya ga zan ɗauki abu mai nauyi sai ya waiwaya wajen ƙofarki.

Da na haihu, uwata tana can Damagaram, ke kika dafa ruwa, ke kika wanke tsumma, ke kika tsaya a kan likita har ya sake duba ni da zazzaɓi ya ƙi sauka. Shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, sai na lura tagar kicin ɗinki mai kallon tawa a rufe take tun safe har magariba. Kina ciki kina gumi, don kada ƙamshin suyarki ya dame ni. Ba ki taɓa faɗa ba. Da na yi godiya sai kika ce, "Wa ya ce don ke ne? Ƙudaje nake gudu."

Ranar da labarin rasuwar mahaifiyata ya zo, kika shigo ba sallama, kika kashe mini murhu, kika ce gidan makoki ba ya hura wuta. Kwana uku kina ɗauke da mu: burodi, wake, dafaffen ganye, gahawa da sukari. Wannan kam na ci, ina ci ina kuka, kina shafa mini baya kina cewa, "Ci, 'yata, kin zama kamar tsinken tsintsiya. Iska za ta ɗauke ki in rasa mai yi mini gardama."

Bayan wannan rasuwar ne kika fara aiko mini da taliyar Lahadi.

Lahadin farko na kowane wata, ranar da 'ya'ya da jikoki suke taruwa, kike yin ta. Manyan taliyar nan masu siffar katantanwa. Kina dafa su rabin dahuwa don kada su yage, ki jera su a kan tsabtataccen ƙyalle su sha iska. Ki matse niƙaƙƙen naman nan daga cikin hanjin da aka ɗura shi, ki soya, ki cakuɗa da farin cuku mai laushi da ƙwai. Sannan ki zauna ki sa tabarau, ki riƙa cika su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin cokali, kina kwantar da su cikin miyar tumatir kamar mai kwantar da jarirai. Ki goga busasshen cuku a kai, ki tura tanderu har saman ya yi ja. Duk wannan daga bakin ƙofa na gan shi. Ranar Lahadin nan ba na yarda ƙafata ta wuce dokin ƙofar kicin ɗinki, don a shekararmu ta farko na taɓa ganin hanjin naman alade rataye a ƙusa kusa da tagarki, hoton kuma bai bar idona ba.

Da azahar sai in ji ƙwanƙwasa. Ga ki da 'yar tasa a nannaɗe cikin tawul, guda takwas a ciki, cuku yana ta tafasa a gefe. Ranar farko kika ce, "Naki ne wannan. Ci hankali kwance." Na karɓa da hannu biyu. Da kika juya na rufe ƙofa, na tsaya ina kallon tasar. Na ce a raina: tsohuwa ce mai kirki, amma ina ta san abin da ya halatta gare mu? Ko ta canja nama, wa ya yanka shi? Tukunyar fa? Cokalin fa? 'Yar giyar da suke ɗigawa a miya fa? Zubar da abinci ba zan iya ba. Sai na jira ƙarar cokula ta tashi a gidanki, na lallaɓa na sauka ƙasa wurin Don Saverio, tsohon mai gyaran takalmi da yake zaune shi kaɗai, na juye masa.

Haka na yi wata na biyu. Haka na yi wata na uku. Haka na yi shekara goma sha huɗu.

Tasarki ba ta taɓa komawa wayam ba, kin sani. Wata rana ƙosai, wata rana dubulan, wata rana dabino. In kin ce, "Yaya?" sai in ce, "Hannunki akwai albarka, Donna Nunziata." Na zaɓi maganar da ba ƙarya ba ce, ina ganin na yi dabara. Malam Ilyasu ya sha ce mini, "Ke dai ki tambaye ta mana, matambayi ai ba ya ɓata." Ni kuwa in ce ina! Ta yaya zan dubi matar da ta wanke mini tsumman jego in ce mata me kika sa a abincinki? Sau ɗaya kika ritsa ni. Kika riƙe tasar ba ki saki ba, kika kafe ni da ido ta saman tabarau, kika ce, "Na watan jiya fa, gishiri bai yi yawa ba?" Na ce, "Daidai ne." Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Na yi istigfari a kanta, amma ban gyara komai ba.

Asabar da ta wuce na je sayen nama wurin Larbi, mahaucin nan ɗan Maroko da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Yana auna mini sai ya ce, "'Yar'uwa, ina tsohuwar nan ta gidanku mai faɗan tsiya? Farkon wata ya wuce ban gan ta ba. Ko ta sami wanda ya fi ni ne?"

Na ce wace tsohuwa?

Ya ce, "Gajeriyar nan mai baƙar jaka. Wadda take cewa ragona ya bushe kamar takalmin soja. Mota biyu take hawa ta zo nan. Ta tsaya a kaina in niƙa, ta sa in ƙara kitse, in ɗura mata a hanjin rago tana kallo. Kullum sai ta ce, 'Ka dai yi masa addu'ar taku ko? Kada ka cuce ni, Larbi, wadda za ta ci ta fi ka karatu.' Har ta sa na rubuta mata abin da ba a sa muku a miya. Ta ce ta sayi sabon tire da sabon cokali, ta hana ɗanta taɓawa. Shekara nawa yanzu? Tun gemuna yana baƙi."

Na ce masa kin rasu. Ya ajiye wuƙa ya cire hula. Ban san yadda na fito daga shagon ba. Naman ma a kan ma'auni na bar shi.

Graziella, ke kin san wannan tun tuni. Ku ne kuka zauna kuna cin naman rago a taliyar kakanninku shekara da shekaru saboda ni, don ta ce ba za ta yi tire biyu a tanderu ɗaya ba. Yanzu na gane abin da Ciro yake nufi in ya haɗu da ni a bene ranar Lahadi ya ce, "Ranki ya daɗe, mai gidanmu duka!" Ina dariya ban san komai ba. Ni kaɗai ce a gidan benen nan ban sani ba. Abin da ku ba ku sani ba shi ne ko loma ɗaya ba ta taɓa shiga bakina ba.

Daga tasha ban hau sama ba, na zarce ɗakin Don Saverio. Na ce masa abu ɗaya ne ya rage mini na sanyin rai, cewa ta tafi ba ta san abin da nake yi ba. Tsohon ya murza hularsa. Sannan ya ce, "Barira, wa kike tsammani yake gaya mata gishiri ya yi yawa ko bai yi ba? Tun wata na biyu ta gan ki daga baranda. Duk Litinin ɗin da ta biyo Lahadin taliya sai ta tsaya a nan ta ce, 'To, ɗan cin banza, yaya ta jiya?'"

Na ce don me ba ta gaya mini ba?

Ya ce, "Na ce mata ta gaya miki, wallahi na ce. Ta ce, 'Ni in tsaya ina rantsuwa a kan girkina kamar mai tallar kifin jiya? Na ce mata ta ci hankali kwance, ai na faɗa. Bakinta yana jikinta. Ranar da ta ɗauke ni uwa za ta tambaye ni, in nuna mata tiren. Kai kuma ci ka yi shiru.'"

Donna Nunziata, ashe jirana kike yi. Ranar da kika riƙe tasar kina tambayar gishiri, ƙofa kika buɗe mini, ni kuwa na rufe ta da ƙarya.

Ba na nadamar kiyaye abin da zai shiga cikina. A kan haka aka raine ni, a kai zan mutu. Amma malamin da ya koya mini wannan a makarantar allo shi ne ya koya mini cewa zato ba sani ba ne, cewa maƙwabci yana da haƙƙi har ya kusa cin gado. Na riƙe ɗaya na saki ɗaya. Na kira abin tsoron Allah, alhali rabinsa kunya ce, sauran kuma raini: na yanke cewa ba za ki iya sani ba, ba za ki iya wahala saboda ni ba. Taku uku ne tsakanin ƙofata da taki. Ke kina hawa mota biyu da ciwon gwiwa, ni na kasa taku uku.

A kan addininki kika rayu, a kansa kika tafi, ni ina kan nawa. Ban isa in buɗe wa kowa ƙofar lahira ba, ban isa in rufe ba. Na miƙa ki ga Wanda ya halicce mu duka, Wanda ba ya zaluntar kowa, Wanda rahamarsa ta fi abin da hankalina zai auna, kuma babu takun da kika yi zuwa shagon Larbi da ya ɓuya gare Shi. In an tambaye ni shaida, zan ce ban taɓa ganin maƙwabciya irinki ba. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da ba zan iya roƙonki ba yanzu.

Graziella, ina yi muku ta'aziyya, ni da Malam Ilyasu da yara, ke da Ciro da iyalanku da jikokinta duka. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya haɗa kanku, kada teburin da ta tara ku a kai ya watse a bayanta.

Ga shi kin ji komai. Ita ba ta nan balle ta yafe, ke ce kika tsaya a madadinta. In kin ce kada in zo, ba zan ga laifinki ba. Zan ja ƙofata ranar, ba za ku ji motsina ba. In kuma kin ce in zo, zan je wurin Larbi ranar Asabar da kaina, in shiga kicin ɗin in tsaya kusa da ke, ki nuna mini yadda ake cikawa, in zauna in ci a gabanku.

Kwanaki sun matso. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ko kalma ɗaya ce.

Maƙwabciyarku,
Barira