Ƙanena Mai Ƙirga Ƙwallo

Ni ban yi boko ba, amma kaf ƙauyenmu na gefen Minjibir babu mai cewa ya fi ni baki. Wurin Kaka Yalwa na gada. Bayan girbi, in an ci tuwo, sai ta hura karan dawa a tsakar gida, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Ni kullum ina jikin zaninta. Ƙanena Habu kuwa can baya yake zama, yana jiran ta yi tuntuɓe.

"Kaka, jiya kuraye uku kika ce, yau sun zama biyar."

"Biyun da asuba aka haife su, ɗan nema! Rufe min baki."

Akwai tatsuniyar da ta yi don shi. Wai giwa da ɓauna suka yi kokawa, hankaka da kanari na kan reshe suna kallo. Sarki ya aiko a zo a ba shi labari. Hankaka ya ce kaye kaza, tashi kaza, ya ja baki. Da kanari ya fara, sai da fadawa suka ji ƙurar filin a maƙogwaronsu. Sarki ya ce a ba hankaka damin gero, kanari kuwa a bar masa tsakar gida har abada. Kaka ta dafa kaina ta ce, "Ladi, kin dai ji naki."

Habu ya yi makaranta, ya zama ɗan jaridar wasanni a Kano. Ƙwallon da aka zura tun ba a haife ka ba, zai gaya maka wa ya ci, a minti na nawa, da wace ƙafa. Gemu ya yi fari, ƙirgan nan dai yake yi, sai dai yanzu a rediyo, ana Malam kaza, Malam kaza.

Ran Asabar na hura wuta, jikokina sun zauna, tatsuniya ta ɗau daɗi, sai babbansu ya miƙe. "Iya, yi haƙuri, shirin Malam Habu ya fara." Suka ɗuru zaure wajen rediyo, da gyaɗata a aljihunsu.

Ciki ɗaya muka fito, Allah ya ƙara masa. Amma ai sarki ya raba, kowa da rabonsa. Geron na bar masa, ya ci lafiya. Wa ya ce ya haɗa da tsakar gidan? Allah ya jiƙan Kaka, ba ta ga zamanin da hankaka zai samu lasifika ba.

Na gyara zama, na iza wuta, na ɗaga murya yadda za ta kai zaure, na ci gaba daga inda na tsaya.