Uwar da Aka Wanke

Ƙanin mijina, Allah ya jiƙan yayansa, aikinsa kiwon tururuwa ne. Tun yana saurayi yake ɗakin binciken wasu malamai, yana shara, yana ɗiga wa tururuwa ruwan sukari a cikin akwatunan gilashi. Ni na sa masa Makiyayi. Nakan tsokane shi in ce yaushe za a tatsa mu sha, shi kuma ya ce matar Yaya baki ne da ita kamar reza. Bai taɓa aure ba. Ko turare ba ya shafawa, wai tururuwa da hanci suke gane ɗan gida.

Akwai akwati guda da ya yi renonsa tun uwar tururuwan tana ita kaɗai, har zuriyarta ta cika gilashin. Bara malamai suka kawo baƙuwar uwa, wata iri daban, suka ce ya saka ta ciki. Da ya zo gaishe ni ya bayyana mini halinta. Sai ta goga jikinta da na 'yan gida har ta ɗauki ƙamshinsu, ta wuce ba mai tare ta. In ta isa wurin uwar gida ta fesa mata wani ruwa mai wari, 'ya'yan su ɗauka maƙiyi ne, su far wa mahaifiyarsu.

Ya saka ta, don aikinsa ne. Amma da baƙuwar ta yi feshin, malamai sun fita cin abinci, zuciya ta ƙi. Ya zaro uwar gidan da tsinke, ya wanke ta tas, ya goge, ya mayar. Ashe ruwan wankin bai tsaya ga warin ba, har ƙamshin gidan ya tafi da shi. Kafin a kira la'asar 'ya'yanta sun yayyaga ta.

“Matar Yaya, da hannuna na mai da ta bare,” ya ce. Na ce Allah ya san niyya.

Faɗa kawai aka yi masa, ba a kore shi ba. Yanzu baƙuwar ce ke ƙwai, marayun na yi mata reno, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya roƙa a ba wani ma'aikaci akwatin. Ya ce wanin zai manta da su ranar hutu, kuma in abinci ya yanke ba baƙuwar ce za ta fara mutuwa ba. Kullum da safe yana can da cokalinsa na ruwan sukari.