Ƙashin da Muka Zauna Jira

An haife ni da tsagaggen leɓe, ganɗata ma a buɗe. Ina goye aka ɗinke su, ban san an yi ba. Abin da na tashi da shi shi ne rami a dasashina na sama, ɓarin hagu, inda ƙashi bai haɗe ba. In na kurɓi kunu da gaggawa sai ya biyo ta hanci, yaran unguwarmu a Argungu kuwa ba su da aikin da ya wuce jiran wannan. Na jibgi da yawa cikinsu, har da waɗanda ba su kai ga yin dariyar ba.

Da na fara famfara Inna ta kai ni asibiti a Birnin Kebbi, Baba ya biyo mu yana ƙunƙuni. Likitar haƙora ta ɗaga hoton bakina a haske, ta nuna mana fiƙata tana kwance can sama, ba ta sauko ba. Ta ce a ɗebi ɗan ƙashi a ƙuguna a cike ramin tun yanzu, don fiƙar ta sami inda za ta kafu, daga baya a sa waya a jera haƙoran. In ta sauko babu ƙashi, za a rasa ta.

"A ƙugu?" in ji Baba. "Likita, wanga yaro ɗan masunta ne. Da mi zai tura gora cikin gulbi?"

A gidanmu ciki ake ɗorawa kan gora, homar kamun kifi a hannu, ƙugu da ƙafa su yi tuƙin. Likita ta yi ta bayani cewa wurin zai warke, ko ɗingishi ba zan yi ba. Baba ya ce za mu je mu yi shawara. Duk wanda ya san Baba ya san a'a ke nan.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga Kawu, ƙanen Inna, mai koyarwa a Gulma, da labari a wayarsa. Wai a ƙasashen waje ana zuƙo wasu ƙwayoyi daga ɓargon mutum da allura, a raine su har su zama ƙashi, a dasa a dasashi, ba yanka ba komai. Ya dai ƙara da cewa gwaji ake yi tukuna, amma Baba ya riga ya miƙe tsaye.

"Ai renon irin albasa ke nan, a yi dashe! Kun gani? Mu jira shi."

Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ni kuwa, yaro mai tsoron wuƙa, murna har kunne.

Haka muka zauna. Duk kaka in an gama yankan shinkafa sai Baba ya tura Kawu asibiti ya tambayo ko abin ya iso. Amsar ba ta taɓa canjawa ba: bai iso ba, ku kawo yaron. Fiƙar ba ta jira kowa ba. Ta sauko a karkace, a gaɓar ramin, tana girgiɗi in na taɓa ta da harshe.

Abin haushi, kamun kifin ma ban yi ba! Ina nutsewa ruwa zai bi ta ramin ya shaƙe ni, in taso ina tari kamar zan amayar da hanjina. An adana ƙugu don gulbi, baki ya hana ni gulbin. Boko na bi. Na daɗe ina jin zafin Baba, gaskiya, ko gaisuwa a tsaitsaye nake yi masa.

Sai da na zama magidanci a Birnin Kebbi na kai kaina. Wani likita ya duba, ya ce fiƙar ba ta da madafa, ya cire ta. Aka yanki ƙugun dai, aka cike ramin, aka ce in ƙashin ya kama za a sa waya a matso da sauran haƙoran, iya abin da ya samu.

Da na warke na je gida. Na tarar da Baba a zaure yana ɗinkin homa, tsufa ya kama shi sosai. Ina gaishe shi ya ɗago kai ya ce:

"Taka in gani."

Na taka zuwa bakin ƙofa na dawo, tsaf, da gayya ma, ina buga ƙafa. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya ce in durƙusa in buɗe baki. Ya daɗe yana kallon giɓin, hannunsa a haɓata.

"Ashe ko ɗingishi babu," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Bai ƙara ɗinka ko ido ɗaya na homar ba har na tashi. Nan duk haushin ya bar ni, tausayi ya maye gurbinsa. Baba ya rasu kafin a sa mini wayar. Wallahi da na sani, da na ɗan ja ƙafar, na yi masa ɗingishi a ranar.