Gawon Ƙofar Butik

Ranar kasuwar Dakoro, da rana tsaka, Abdulmumini yana zaune a ƙofar butik ɗinsa, wato shagonsa, sai ga wani tsoho ya ja ya tsaya. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, takalminsa an ɗaure shi da waya. A kafaɗarsa akwai doguwar sanda mai ƙugiya, irin wadda makiyaya ke kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo da ita. Ba kayan sayarwa yake kallo ba. Sama yake kallo, inda babu komai sai kwanon rufi.

Abdulmumini yana raya wa ransa, wataƙila daga Azagor ya taso. Wataƙila tun yana bin mahaifinsa a inuwar gawon da ke nan a da suke sauka, zamanin da mai zuwa Dakoro sai ya ratsa itatuwa kafin ya hango gari.

"Ɗana, ba nan gawon nan yake ba?"

"Iska ce ta kayar da shi, Baba," in ji Abdulmumini, wanda shi da bakinsa ya kira masu sara shekara shida da suka wuce, don ya faɗaɗa butik. "Zauna ka huta."

Ya nuna masa gungumen da ke bakin ƙofa. Sai da tsohon ya zauna sannan Abdulmumini ya tuna gungumen mene ne. Ga tsohon yana shafa gefensa a hankali, yatsunsa suna bin wuraren sara ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba rauni a jikin dabbarsa.

"Allah sarki," in ji tsohon, ko kai bai ɗago ba. "Ashe iskar garinku da gatari take yawo."