Ranar da Na Gyara wa Baba Mutanen Cikin Salula

Na manta da abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu ɗaliban da na koyar, amma sayen salular da na raka Baba, da abin da ya biyo baya a kasuwar bisashe ta Dakoro, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba zai fita daga kaina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bambancin kawai, a wancan lokaci haushin Baba nake ji, yanzu kuwa haushin kaina nake ji.

Baba dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. Aikinsa gaba ɗaya amana ce. Makiyayi yana can daji zai turo masa dabba ba tare da ya tako gari ba, ɗan kasuwa ya zo daga Maradi ya taya, Baba na tsakiya da salula a kunne yana tambayar mai dabba ko a sallama. Ba shi da rumfa, ba shi da garke, sunansa ne kawai jarinsa. A makon da nake ba ku labari, wani Bafillace daga wajen Azagor ya turo masa bijimai biyar, kuma wani Alhaji daga Maradi, wanda suka fi shekara ashirin suna ciniki tare, ya yi alkawarin zuwa ranar kasuwa ya kwashe su. Saura kwana biyu kasuwa, Baba ya sunkuya bakin kwamin ban ruwa, tsohuwar salularsa ta zame daga aljihu ta faɗa ciki. Aka tsamo ta, aka shanya, aka binne cikin gero, ta ƙi tashi. Kati kawai aka ceto, wanda muke ce wa pus.

Ni kuwa lokacin sabon mushe ne, wato malamin boko, ban daɗe da fara koyarwa a lakwal ba, kaina na hayaƙi. Na ce a raina ga dama ta samu da zan fitar da Baba kunya. Zan saya masa irin ta shafawa, mai faɗin fuska, ya fito da ita cikin dillalai kowa ya san ɗansa ma'aikaci ne. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Da na san abin da ke jirana da na karya kumallo sosai kafin mu fita.

A butik na farko mai kanti ya jera mana na shafawa iri-iri. Baba ya ɗauki guda, ya juya ta gaba da baya, ya duba gefe.

"Ina madannan?" ya tambaya.

"Baba, wannan ba a danna ta, shafawa ake yi," in ji mai kanti, ya nuna masa.

Baba ya ɗora babban yatsansa ya shafa. Ko motsi ba ta yi ba. Igiyar shanu ta shekara arba'in ta mayar da fatar yatsan kamar ƙirgi. Ya sake shafawa da ƙarfi, sai abubuwa suka yi ta buɗewa barkatai, har wata waƙa ta ɓarke. Ya ajiye ta da sauri.

"Wanga madubi ne, ba waya ba. Ni mai madannai nika so, kuma mai babbar huska."

Na ce, "Baba, ai biyun ba sa haɗuwa. In kana son babbar fuska, ta shafawa ce. In madannai kake so, ƙarama ce."

"Kai ka ƙera su?" ya ce da ni, ya yi gaba abinsa.

A butik na biyu aka fito da masu madannai. Baba ya ɗauki kowace ya fita da ita tsakiyar rana, ya miƙe hannu yana ƙanƙance ido, ya dawo ya ce fuskar ba ta fi akwatin ashana ba. Na ce to a haɗa masa da tabarau mana, a huta. Kallon da ya yi mini har mai kanti sai da ya sunkuyar da kai. Baba ya ce in dillali ya sa tabarau, gobe duk kasuwa za a ce ba ya ganin haƙorin saniya, wa kuma zai sake ba shi amanar dabba? Muka wuce gaba.

A na uku muka sami mai fuska daidai gwargwado da madannai, na ce alhamdu lillahi, mun gama. Ashe da sauran aiki. Baba ya jefa ta aljihun riga, ya tura hannu ciki, ya ɗaga kai yana kallon rufin kanti yana dannawa. Can ya fito da ita ya miƙa wa mai ita. Wai madannan sun yi laushi, ba sa amsawa, mutum ba zai san ko ya danna sau uku ko sau huɗu ba. Mai kanti ya kalle ni, na kalle shi. Wallahi da ba mahaifina ba ne da na bar shi a nan na tafi gida. Rana ta take, yunwa na cina, takalmina ya cika da rairayi, ga mutane sun fara gane mu suna cewa, "Mushe, har yanzu ba a samu ba?"

Sai bayan azahar, a wani ɗan kanti bayan tasha, mai kantin ya tona ƙasan teburinsa ya zaro wata da ta daɗe ba mai tambayarta. Katuwa ce kamar sandar sabulu, rabinta fuska, rabinta madannai manya-manya masu ƙara in an latsa. Ban taɓa ganin salula mai muninta ba. Baba ya gwada ta a rana, ya gwada ta a aljihu, sannan ya ce mai kanti ya sa mata nasa kati a kira shi, ya taka har bakin injin niƙa ya tsaya don ya ji ko kukanta zai rinjayi na inji. Ya dawo yana murmushi, karo na farko tun safe.

Da aka sa tsohon kati, mai kanti ya buɗe wurin sunaye ya yi dariya. Babu suna ko ɗaya. Lambobi ne kawai, 01, 02, 03, har ashirin da wani abu. Baba bai yi boko ba, amma ya san lamba sarai. Shi ya sa yake son babbar fuska, in an kira ya ga lamba ya san wane ne. Shi ya sa kuma yake son madannai, in zai kira sai ya ƙirga da yatsa, sau nawa zai latsa ƙasa, ba sai ya duba ba. Nan take ya fara karanto mana su da ka, yana alfahari. Ɗaya uwarmu. Biyu ƙanensa. Uku sarkin dillalai. Huɗu Bafillacen Azagor. Haka har ƙarshe, ni kuma na zaro takarda ina rubutawa, don hannun malami ba ya zama banza. Ina ta jiran in ji inda nake. Sai da aka wuce mai kamyo, wato babbar motar ɗaukar shanu, aka wuce mai amalanken jaki, sannan aka zo kaina, na sha tara. Ni da na biya salular!

A hanya ya ce da ni, "Ka sa mata caji, amma kak ka taɓa mini mutanena."

Na ce to. Amma da ya tafi masallaci sallar la'asar, na zauna da salula da takardata, haushin yini guda na cina. Na ce wannan wane irin shirme ne, mutane kamar fursunoni, kowa da lamba? Ga babbar fuska an samu, me zai hana a rubuta sunan kowa yadda ake yi a ko'ina? Na goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, na rubuta sunaye tsaf, har da manyan baƙaƙe. Ban tsaya na yi tunanin cewa mutumin da nake yi wa wannan gyara ba ya karatu ba. Ban kuma lura ba cewa salula da kanta take sake jera sunaye bisa baƙaƙe. Alhazawa huɗu ne cikin mutanen Baba, duk suka haye sama, na Maradi ya zauna a layi na huɗu. Na bar ta a caji ina jin na yi abin kirki, na ce sai ya gani zai gode mini.

Ranar kasuwa na bi shi, don ina son in ga idon dillalai a kan sabuwar waya. Alhajin Maradi ya iso da hantsi, babban mutum mai tumbi, suka rungumi juna da Baba, suka daɗe suna gaisawa. Ya zagaya bijiman, ya taɓa tozo, ya ja wutsiya, ya taya. Baba ya ce albarka. Ya ƙara. Suka yi ta ja har suka kai wani wuri, sai Baba ya ce bari ya ji ta bakin mai su. Ya tura hannu aljihu, ya nufi bayan wata kamyo da ke tsaye kamar taku ashirin daga wurin. Ina biye da shi, ina jin ƙarar madannan, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ko a lokacin ƙwaƙwalwata ba ta ba ni komai ba.

Kasuwa ta cika da kukan shanu da hayaniya. Ana ɗauka Baba ya toshe ɗayan kunnen, ya yi sallama, bai jira amsa ba.

"Ka saurara, ba ni da lokaci. Alhajin ya kai inda muka ce, amma kak ka yarda yanzu. Na ga idonai bisa jan bijimin nan, ba ya iya tahiya ya bar shi. Rowa ce kawai irin tasa, ka san shi, shina da kuɗin, hiddawa ce ba ya so. Bari in ƙara matsa shi kaɗan, zai ƙara."

Ya tsaya jiran Bafillace ya amsa. Amsar ta zo, amma ta bayanmu. Muka juya, sai ga Alhaji ya zagayo kamyon, tasa salular manne a kunne. Bai ɗaga murya ba.

"Na ji, dillali. Shekara ashirin ina ce kai nawa ne. Ashe haka kake hwaɗi bayan idona."

Baba ya sauke salular a hankali, ya kalli babbar fuskar da ya sha wahalar nema. Ba lamba a kai, sai baƙaƙen da bai san ko mene ne ba. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya riga ni.

"Alhaji, yatsana ne ya kuskure, tsuhwa ce. Maganar kuma ni na yi ta, ba wani ba. Ka yi haƙuri."

Alhaji ya juya ya tafi wajen wani dillali, kafin azahar ya loda shanun wasu ya kama hanyar Maradi. Labari kuwa ya riga ya zagaye kasuwa, wasu na dariya, wasu na girgiza kai. Bijiman nan biyar suka yini a rana ba wanda ya taya da daraja, don kowa ya san mai sayensu ya tafi. Da yamma dole Baba ya kira mai su ya faɗa masa, kuma ni na nemo masa lambar, don shi ba ya iya gano kowa a cikin wayarsa. Bafillacen ya ce a mayar masa da dabbobinsa. Sai da aka yi damina biyu kafin ya sake turo wa Baba ko da maraƙi. Alhajin Maradi kuwa har Baba ya bar kasuwa bai sake ciniki da shi ba. In sun haɗu sukan gaisa, shi ke nan.

A gida na jira faɗa. Na so ya zage ni, ko ya faɗa wa uwarmu, ko ya kore ni daga gabansa, da na sami sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Bayan ya ci tuwo ya miƙo mini salular ya ce, "Mushe, mayar mini da mutanena inda ka same su." Na zauna gabansa, yana faɗa ina rubutawa, hawaye na ɗiga a kan madannan. Har ya rasu ba wanda ya ji daga bakinsa cewa ni na jawo masa. Dillalai suka yi ta tsokanarsa da cewa ido ya tafi, abin da ya fi tsoro a duniya, yana jin su yana murmushi.

Na yini ina ganin Baba a matsayin tsoho mai taurin kai da bai san abin da yake so ba, alhali duk kasuwar ba wanda ya kai shi sanin abin da yake so. Kowane sharaɗi da ya kafa yana da dalili, ni ne ban tambaya ba, saboda ina ganin wanda ya yi lakwal ba ya tambayar wanda bai yi ba. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi, don Baba ne ya biya tsadar, ba ni ba. In ka ga mutum yana tafiyar da aikinsa ta hanyar da kake ganin shirme ce, ka tambaye shi kafin ka sa hannu. In kuma ya ce kar ka taɓa, to ka bar masa abinsa.